Muryoyin sun tafi amma ƙanina bai dawo ba

Saƙon da ya shigo:

"Salam Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ƙanina ne, shekararsa 26, shekara uku kenan da likita ya ce yana da sikizofireniya, wani nau'in ciwon taɓin hankali, lokacin yana aji uku a jami'a. Da farko yana jin muryoyi yana cewa ana bibiyarsa, aka kwantar da shi aka ɗora shi kan magani, Alhamdulillah yanzu kusan shekara biyu bai ƙara cewa ya ji komai ba. Amma Anti wallahi ba shi bane. Yaron da shi ke koya wa ƙannenmu lissafi yanzu in ka aike shi abu uku sai ya dawo da ɗaya, in ana hira sai ya yi shiru kamar baya wajen, in ka tambaye shi abu sai ka ƙirga goma kafin ya amsa, wanka ma sai an yi ta fama. Mun samo mishi aiki wajen wani abokin Baba, sati biyar aka sallame shi wai baya riƙe abun da aka ce mishi. Baba ya ce ai ya warke, lalaci ne kawai ya samu wajen zama, Mama kuma ta ce maganin ne ke dakushe mishi kai a daina bashi. Yana shan Haldol da Artane, da Valium in bacci ya ƙi. Ni na rasa wa zan bi, jiya ma na yi mishi tsawa daga baya na koma ɗaki na yi ta kuka. Zai koma makaranta kuwa? Me zan yi?"

Wa alaikis salam ƙanwata. Allah ya bashi lafiya, ke kuma Allah ya saka miki, dan daga yadda kika rubuto na gane ke ce ke ɗauke da nauyin gidan nan a ka.

Bari in fara da abun da ya fi gaggawa kafin dogon bayani ya ɗauke mu, kar a tsayar da maganin nan, ko na kwana biyu, sai da sanin likitan da ke ganinsa. Mama ba ƙarya idonta ya gani ba, akwai ƙamshin gaskiya a maganarta kuma zan dawo kai da kyau, amma hanyar da ta ɗauko ita ce garin neman gira a rasa ido. Baba kuwa, Allah ya ƙara girma, nan bai hango daidai ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba tunda kusan kowa haka yake ɗauka.

Kinga mu duka abun da muka sani game da ciwon nan shi ne ɓangarensa mai hayaniya, jiye-jiye da gane-gane da zargi da surutai, shi ne ke tada hankalin gida a ruga asibiti, shi ne kuma magani ya fi iya kwantarwa, to da zarar wannan ya lafa sai kowa ya yi ajiyar zuciya a ce an gama, alhali da sauran rina a kaba. Akwai wasu ɓangarori biyu da basa ihu. Ɗaya shi ne mutuwar sha'awa da kuzari, mutum ya rage magana, fuskarsa ta daina nuna komai, ya kasa yunƙurawa ya fara abu. Ɗayan kuma, wanda shi ne kusan duk saƙonki ke siffantawa, shi ne raunin da ke samun aikin tunani kansa, wato maida hankali, riƙe abu a ka, saurin fahimta, da tsara abu daki-daki. Mafi yawan masu ciwon suna da wannan raunin, wani kaɗan wani da yawa. Kuma ba ku kaɗai bane, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sama da mutum miliyan 20 ke da ciwon, kusan mutum 1 cikin 300, yawanci yana bayyana ne daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa cikin shekaru ashirin da wani abu, maza kuma ya fi saurin kama su da wuri, daidai lokacin da ya kama ƙaninki kenan.

Abun mamaki ma likitocin farko da suka siffanta ciwon ba muryoyin ne suka fi tsaya musu a rai ba. Emil Kraepelin, wani likita Bajamushe a ƙarshen shekarun 1800, sunan da ya kira ciwon da shi ma'anarsa kamar a ce dakushewar tunani tun da ƙuruciya, dan abun da ya gani kenan, matasa masu kaifin kai sun koma basa iya abun da suke iyawa da. Sai Eugen Bleuler na ƙasar Siwizalan ya kawo sunan sikizofireniya a 1908, yana nufin tsinkewar zaren da ke haɗa tunani da tunani, da kuma tunani da aiki. Na kawo miki wannan ne saboda Mama, ki lura a zamanin mutanen nan babu Haldol babu wani maganin irinsa, na farkonsu Largactil sai 1952 aka fara gwada shi kan masu taɓin hankali a Faransa, amma tun kafin nan marasa lafiya suna fama da mantuwar nan da nawar nan. Kenan tushen abun daga ciwon yake. In ma kika yi tunanin baya da kyau zai yiwu ki tuna makinsa ya fara sauka ko ya fara janye jiki tun kafin ranar da ya fara cewa yana jin murya, dan sau da yawa raunin tunanin ke riga zuwa, ba'a dai lura ne.

Yanzu mu ɗauki aiken nan na abu uku, shi ne ya fi ba mutane haushi dan yana kama da rainin hankali. Ƙwaƙwalwa tana da rumbu tana kuma da tafin hannu. Rumbun shi ne inda tsofaffin abubuwa suke, sunayenku, hanyar gida, lissafin da ya koya tun firamare, wannan yawanci yana nan, shi ya sa wani lokacin zai faɗi wani abu da ya faru shekara goma da suka wuce tiryan-tiryan ki ce to ai ga shi kansa ƙalau, da gangan yake yi. Tafin hannun kuwa shi ne inda ake riƙe abu na 'yan daƙiƙoƙi ana aiki da shi, kamar a karanto miki lambar waya kina neman biro kina maimaitawa a zuci. To nashi tafin hannun ya ƙanƙance. Kin zuba mishi abu uku, kafin ya saka takalmi ɗaya ya zube, a hanya wani ya gaishe shi na biyun ya zube, ya isa da ɗaya, kuma abun tausayin shi ne sau da yawa ya san akwai sauran abu da aka ce, ya tsaya yana laluben kansa, kunya ta hana shi kira ya tambaya dan ya san me zai biyo baya. A wajen aikin nan da aka sallame shi nasan kusan haka aka yi, maigida ya tsaya ya jero umarni biyar a numfashi ɗaya ya wuce, shi kuma ya ce to.

Ƙirga goman da kike yi kafin ya amsa, wannan saurin sarrafa bayani ne ya ragu, kuma yana cikin abubuwan da gwaje-gwaje suka fi nuna sun taɓu a ciwon. Kamar waya ce mai raunin netwok, saƙon yana shiga, amsar ma tana nan tafe, lokaci kawai take ci. Kuskuren da ake yi shi ne in ya yi jinkiri sai a sake tambayar da wasu kalmomi daban, ko a ɗaga murya, ko wani ya amsa mishi, to kin sake turo sabon saƙo kan wanda bai gama buɗewa ba, komai ya cushe. Ita hira cikin mutane da yawa ta fi wannan wuya nesa ba kusa ba, ke ƙwaƙwalwarki tana da matankaɗi, talabijin na yi, yara na gudu, mutum biyu na magana, tana tace wanda kike so ta watsar da saura ba tare da kin ma sani ba, shi matankaɗinsa ya huje, duk ƙarar tana shigowa da nauyi ɗaya, kafin ya gama haɗa abun da zai ce kan maganar farko kun riga kun wuce zuwa ta uku kuna dariya. Sau nawa mutum zai yi ta zuwa a makare kafin ya haƙura ya yi shiru? Ƙari kan haka ciwon yana taɓa iya karanta fuska da murya, ya kasa bambance wasa da gatse da faɗa, ki yi mishi zolaya irin ta da ya ɗauka da gaske kike, ko ki ɓata rai shi bai ma gani ba.

Wanka kuma. Mu muna ganinsa abu ɗaya ne, amma ki ƙirga, a lura lokaci ya yi, a tashi, a nemo tawul da sabulu, a haɗa ruwa, a zaɓi kayan sawa, a san me ke gaba da me. Akwai sashen gaban ƙwaƙwalwa da aikinsa kenan, shi ne mai raba aiki, shi ke cewa fara nan, bar wancan, koma nan. In ya yi rauni kuma aka haɗa da mutuwar kuzarin da na faɗa, sai mutum ya zauna awa biyu da niyyar wanka a ransa amma tashin ya gagara. Rago in aka ce ga abun daɗi can zai miƙe da gudu, aikin wahala kawai yake gudu. Ki duba ƙaninki, abubuwan da yake so da, ƙwallo ne ko abokai ko waya, yana rawar jiki a kansu yanzu? In har su ma ya sake su to ki nuna wa Baba wannan, lalaci baya hana mutum jin daɗinsa.

A 1996 wani masani a Amurka, Michael Green, ya tattara binciken da aka yi kan me ke sa mai ciwon nan ya iya riƙe aiki da zama da mutane da kula da kansa, abun da ya fito shi ne ƙarfin riƙe magana a ka da maida hankali sun fi alaƙa da hakan fiye da yawan muryoyi ko zargi. Wato za'a iya samun wanda har yanzu yana ɗan jin murya jefi-jefi amma yana zuwa aiki lafiya lau, a samu wanda muryoyin suka ɗauke tsaf amma ya kasa. Saboda haka kalmar "ai ya warke" ita ce ta jefa gidanku cikin wannan rigimar, an auna warkewa da ma'aunin da bai cika ba.

To mu dawo kan Mama, inda take da gaskiya. Sunayen magungunan da kika rubuto sun sa na gyara zama. Haldol da danginsa suna aiki ne ta hanyar toshe wani sinadarin ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin, shi ya sa muryoyin suka lafa, amma in adadin ya yi wa mutum yawa yana kawo sandarewar jiki, rawar hannu, tafiya a hankali, fuska ta daskare, wani kuma ya kasa zama waje ɗaya ƙafafunsa na ta ƙaiƙayin motsi, kuma duk wannan yana iya kama da ciwon kansa har a kasa bambancewa. Artane ana bada shi ne dan ya rage wannan sandarewar, sai dai shi kuma yana toshe wani sinadarin daban, asetilkolin, wanda ƙwaƙwalwa ke buƙata wajen koyo da tunawa, an daɗe da sanin magunguna irinsa suna ƙara mantuwa, ga bushewar baki da dishi-dishin gani da taurin bayan gida. Valium ma yana rage saurin kai da riƙe sabon abu, kuma jiki yana sabawa da shi. Kinga kenan akwai yiwuwar wani kaso na abun da kuke gani ƙari ne da magani ya ɗora kan ciwon, kuma wannan kason ana iya rage shi. Amma ba a gida ba. Wanda ya saba da Valium aka yanke mishi lokaci ɗaya yana iya shiga mummunan hali har da jijjiga irin ta farfaɗiya, Artane in aka cire kai tsaye sandarewar na iya dawowa da ƙarfi, shi kuwa babban maganin, mafi yawan waɗanda suka daina sha ciwon yana dawo musu, ba lallai a satin farko ba, shi ya sa ake ruɗuwa, wata ɗaya wata biyu mutum ya yi wasai kowa ya ce kun gani ai dama maganin ne, sai a wayi gari an koma gidan jiya, kuma kowace dawowa tana iya cin wani abu daga abun da aka sha wuya aka gina.

Abun da nake so ki yi shi ne ki bi shi ganin likita na gaba, da yardarsa, ki tafi da takarda. Likita yana da 'yan mintuna ne, zai tambaya kana jin murya, a'a, kana bacci, eh, ya sake rubuta magani a tashi, shi ƙaninki ba zai kawo maganar mantuwa da kansa ba. Ki ɗauki sati biyu kina rubuta abun da kika gani da lokacinsa, ƙarfe nawa ya tashi, wane lokaci ya fi nauyin jiki, bayan shan wace ƙwaya, hannunsa na rawa ko a'a, sau nawa a sati yake shan Valium ɗin. Sannan ki tambaya kai tsaye, likita har yanzu yana buƙatar Artane kullum, za'a iya rage Haldol zuwa mafi ƙarancin adadin da zai riƙe shi, ko akwai wani maganin da zai fi dacewa da shi. Akwai irinsu risfaridon da olanzafin da arifirazol, kowanne da nasa halin, olanzafin misali yana sa ƙiba sosai yana kuma iya taɓa suga, kuma kar ki saka ran wani cikinsu zai dawo da kaifin kai kamar an kunna fitila, magungunan nan ba dan wannan ɓangaren aka yi su ba, ribar da ake nema ita ce a sauke nauyin da ba dole ba. In mantuwa na sa shi tsallake ƙwaya akwai allura da ake yi duk sati biyu ko duk wata, ki tambaya. Ki kuma roƙi a duba ko akwai ciwon damuwa a ciki, dan shi ma yana kawo nawa da mantuwa da rashin wanka, kuma yana da magani. In zai yiwu ki tafi da Mama ta faɗi damuwarta da bakinta ta ji amsa da kunnenta, ya fi ki dawo kina bata labari, dan uwa in ta yanke a ranta magani na cutar ɗanta zata iya fara rage shi a ɓoye cikin ƙauna ba wanda ya sani.

A gida kuma, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ki kira sunansa, ki bari ya kalle ki, a rage ƙarar talabijin, ki faɗi gajeriyar magana, ki yi shiru ki jira, ko da ƙirga goman ne. Aike in ya wuce abu ɗaya a rubuta a takarda ko a tura mishi a waya, kuma kar a yi shi da sigar wulaƙanci, ai manyan ma'aikata ma da rubutu suke tunawa. Ƙararrawar waya ta magani, ta wanka, ta kwanciya. Kayansa su zauna waje ɗaya kullum. Lokacin tashi da na kwanciya su zama iri ɗaya, dan duk abun da ya zama sabo baya buƙatar mai raba aikin nan da ya yi rauni, jiki ne ke yinsa da kansa. Maimakon "je ka yi wanka" daga nesa, ki gwada "ga tawul ga ruwa na haɗa", sau da yawa matakin farkon ne kawai ke da nauyi, in aka ɗaga mishi shi sauran sai ya gangara. Bayan wasu makonni ki janye hannu kaɗan, ki bar mishi haɗa ruwan.

Wannan janye hannun fa da gaske nake. Tun wajajen 1960 wani mai bincike a Landan, George Brown, ya bi marasa lafiyar da aka sallama daga asibiti ya ga waɗanda suka koma gidajen da ake yawan kushe su da hantara ciwon ya fi saurin dawo musu, an kuma maimaita binciken a ƙasashe da dama an samu haka. Amma abun da mutane ke mantawa shi ne a cikin abubuwan da aka gano har da wuce gona da iri wajen kulawa, a yi ta shawagi a kansa, a hana shi taɓa komai, a yi ta kuka a gabansa. Ina jin gidanku duka biyun akwai, Baba na gefe ɗaya Mama na ɗayan. Shi abun da yake buƙata gida mai sanyi ne da ƙaramin aiki da aka san nashi ne, in ya yi a ce sannu, in bai yi ba a tuna mishi ba tare da an karanto tarihin laifukansa ba. Kuma a daina yi mishi gorin da, "kai da kake ɗaukar na ɗaya". Ya sani. Ya fi kowa sani.

Nan ne ma zan ja kunnenki kan abu mai nauyi. Kusan mutum 5 cikin 100 masu ciwon nan suna mutuwa ta hanyar kashe kansu, kuma haɗarin ya fi yawa ga saurayi, a shekarun farko na ciwon, wanda da yake da hazaƙa kuma yake gane abun da ya rasa. Siffar ƙaninki kenan, ga kuma sallama daga aiki da bata daɗe ba. Ban faɗa dan in tsorata ki ba, na faɗa ne dan in kika ji yana cewa ni ba ni da amfani, gara ba ni, na zame muku kaya, ki zauna ki tambaye shi a fili ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar bata saka wa mutum tunanin, kuma in ya ce eh ko ya yi shiru mai nauyi kar a barshi shi kaɗai, a kai shi asibiti ranar, magungunan ma su koma hannun wani. Haka in bacci ya ƙaurace kwana biyu uku, ko zargi ya fara dawowa, kar a jira ranar da aka rubuta a kati.

Makaranta. Ba zan ce miki eh ba zan ce miki a'a ba, amma ga abun da zai baki ƙarfin gwiwa, raunin tunanin nan a mafi yawan mutane baya ta gangarowa shekara bayan shekara kamar ciwon mantuwar tsufa, yakan tsaya ne waje ɗaya, kuma mutum na iya koyon zagaye shi. Akwai horon ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam da masu koyar da ayyukan yau da kullum ke yi, atisaye ne na maida hankali da tunawa da tsara aiki, wani a kwamfuta wani a takarda, ana yi sau da yawa a sati na wasu watanni, amfaninsa matsakaici ne amma na gaske, kuma ya fi tasiri in an haɗa shi da wani abu na zahiri da mutum ke son cimmawa kamar aiki ko karatu, ki tambaya ko asibitinku suna da mai yi. Motsa jiki mai sa haki, tafiya da sauri ko gudu ko keke, shi ma an ga yana taimaka wa tunanin masu ciwon, ga shi yana kare zuciya da suga, wanda dama dole a dinga auna mishi nauyi da hawan jini da suga dan masu ciwon nan cututtukan jiki ne suka fi rage musu kwana. Wiwi kuwa ko kusa, in akwai abokan da ke kawo mishi to wannan yaƙin ya fi na wanka muhimmanci, tana dawo da ciwon tana kuma ƙara dakushe kan.

In zai koma karatu kar ya koma da cikakken kaya, a fara gwadawa a gida, minti ashirin na karatu a huta, a ga wata guda ya abun yake, sannan a je a yi magana da makarantar kan rage kwasa-kwasai da ƙarin lokacin jarabawa in suna bayarwa. Akwai wata farfesar shari'a a jami'ar Kudancin Kalifoniya, Elyn Saks, da ta fito fili ta ce tana da ciwon nan kuma tana shan magani, kenan ƙofar ba a rufe take ba, amma dan Allah kar a mayar da irinta sabon sandan dukansa, wani zai kai can, wani kuma nasararsa ita ce ya riƙe aikin awa huɗu a rana ya kula da kansa, kuma wannan ba ƙaramin abu bane. Aikin da ya rasa ma ni ban ɗauke shi hujjar baya iya aiki ba, an jefa shi ne ba shiri. Tsarin da aka fara a Amurka a shekarun 1990 wanda ya fi nuna nasara shi ne a sa mutum a aikin gaske da shi ya zaɓa, sannan a samu wani ya dinga bibiya yana daidaita tsakaninsa da maigidan. Ku ma kuna iya kwaikwayon wannan, aiki mai tsari ɗaya da ake maimaitawa, waje mara hayaniya, awanni kaɗan da farko, umarni a rubuce, da mutum ɗaya da zai dinga tambaya ba tare da jin kunya ba. Kuma a tambaye shi me yake so, a duk saƙonki na ji ra'ayin Baba na ji na Mama, nashi ne ban ji ba.

Tsawar jiya kuma, ki je ki same shi lokacin da ɗakin ba kowa ki ce yi haƙuri na gaji ne jiya, na gane ba da gangan kake mantawa ba, gajeriyar magana, kar ki yi dogon jawabi kar ki yi kuka, sannan ki jira amsarsa ko zata ɗau minti guda. Ke ma ki raba nauyin nan, ƙannen da ya koya wa lissafi sun isa ɗaya ya riƙe fita tafiya da shi da yamma, ɗaya ya riƙe tunin magani. Baba kuma kar ki tunkare shi da gardama a gaban mutane, ki samu lokacin da yake cikin nishaɗi ki roƙe shi ya raka ku asibitin sau ɗaya, ki sanar da likitan tun kafin ku shiga cewa maganar lalaci ce ke raba kan gidan, bayanin in ya fito daga bakin likita zai fi zama mishi fiye da daga bakin 'yarsa.

Ki rubuto min bayan kun dawo, ina son jin me aka ce kan Artane ɗin da Valium.